Awon Likita Kafin Ƙaura Zuwa Ƙasar Waje: Kada Ki Je Ido Rufe

 

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani al'amari wanda a da sai jefi-jefi ake jinsa, amma yanzu ya shiga gidaje da yawa, watau awon lafiya da ake wajabta wa duk mai neman iznin zama na dindindin a wata ƙasa. Yau a Kano ko Zariya, a Maraɗi ko Zangon Kumasi, gidaje nawa ne suke da ɗa ko 'ya a Ingila ko Kanada ko Amurka? Wani ya tafi karatu ya sami aiki, wata ta tafi aikin nas, wani kuwa ya zo gida ya ɗaura aure ya koma, ya bar amarya tana jiran takarda. Ana cikin murna, ana ɗinke-ɗinke ana dakan yaji, sai wasiƙa ta zo cewa sai an je an ga likita tukuna. Daga nan sai gaba ya faɗi, surutai su tashi, kowa da abin da ya ji a bakin wani.

Ra'ayina shi ne, wannan awo ba dodo ba ne, kuma yawancinsa yana da hujja. Amma macen da ta je ba ta san abin da za a yi mata ba, ta bar kome a hannun maigida ko dillalin biza, ita ce take shan wahala. Jikinki ne za a auna, saboda haka ke ya kamata ki fi kowa sanin yadda abin yake.

DAGA INA ABIN YA SAMO ASALI?

Abin ya daɗe. Tun a 1891 Amurka ta kafa doka ta hana masu cututtuka masu yaɗuwa shiga ƙasarta. Daga 1892 zuwa 1954, mutane wajen miliyan 12 suka bi ta wani ɗan tsibiri mai suna Ellis a bakin birnin New York. Suna sauka daga jirgin ruwa likitoci suna tsaye suna kallon tafiyarsu da numfashinsu. Wanda aka yi shakkarsa sai a yi masa alama da alli a jikin riga. Akan birkice fatar idon mutum da wata 'yar ƙugiya don neman wani ciwon ido mai yaɗuwa wanda yake makantarwa. Duk da haka, kamar mutum 2 ne cikin 100 aka mayar gida. Ki riƙe wannan, domin har gobe haka abin yake: yawancin waɗanda aka auna wucewa suke yi.

Yanzu ba a jira sai kin sauka can. Tun kina gida ake yin awon, kuma ba kowane likita ne yake yi ba. Kowace ƙasa tana da jerin likitoci da asibitocin da ta amince da su, kuma takardarsu kaɗai take karɓa. Ko da babban likitan asibitin koyarwa ƙanen babanki ne, sa hannunsa ba ya aiki a nan. A Nijeriya, Hukumar Ƙaura ta Duniya, wadda ake kira IOM, tana da wuraren awo a Abuja da Legas, tana kuma da shi a Ankara ta ƙasar Gana. Ke ce za ki biya kuɗin awon, ga kuɗin mota, ga na masauki. To, kada ki kuskura ki biya ko kwabo sai an ba ki umarni a rubuce, don takardar awon tana da wa'adi. Ta Kanada wata 12 take yi, ta Amurka galibi wata 6, shaidar awon tarin fuka ta Ingila ita ma wata 6. Idan wa'adin ya cika ba ki tafi ba, sai ki sake daga farko. Bugu da ƙari, dokokin shiga suna sauyawa. A watan Yuni na 2025 Amurka ta rufe ƙofa ga 'yan Chadi da Sudan, a watan Disamba na shekarar ta ƙara da Nijar, ta kuma taƙaita bizar 'yan Nijeriya. Saboda haka a fara tabbatar da cewa ƙofa a buɗe take kafin a kwashi yara a kama hanya.

ME AKE NEMA A JIKINKI?

Babban abin da duk ƙasashen nan suke tsoro shi ne tarin fuka. Ba laifinsu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutane wajen miliyan 10.8 suka kamu da shi, ya kashe kamar miliyan 1.25, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da ya fi yawa. Cuta ce da take bin iska. Mai ita ya yi tari a ɗaki, jariri ya shaƙa.

Ingila tana neman shaidar awon tarin fuka daga 'yan Nijeriya da Gana da sauran ƙasashe da dama, muddin mutum zai zauna fiye da wata 6, ko da karatu ne ya kai shi. Hoton ƙirji ake ɗauka, amma yaran da ba su kai shekara 11 ba yawanci duba su kawai likita yake yi. Kanada ita ma daga shekara 11 take fara ɗaukar hoton ƙirji, daga shekara 15 kuma a ɗebi jini a auna tunjere da ƙanjamau. Amurka kuwa daga shekara 15 take ɗaukar hoton, tana awon jini na tarin fuka ga yara tun daga shekara 2, tana kuma neman tunjere da ciwon sanyi da kuturta. Ban da wannan, likita zai auna nauyinki da hawan jini, ya saurari ƙirjinki, ya duba ido da kunne da fata, ya tambaye ki cututtukan da kika taɓa yi, da aikin tiyata, da magungunan da kike sha.

Idan aka ga tabo a hoton ƙirji, kada ki ɗora hannu a ka. Za a ce ki ba da kaki da sassafe har kwana uku, a kai ɗakin bincike a ajiye na kimanin mako 8 a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro. Wani lokaci tsohon tabo ne kurum. Idan kuwa cutar ce, sai a sa ki a magani na wata 6, ki gama, a sake aunawa, sa'an nan a ci gaba da maganar tafiya. Jinkiri ne kawai, ba a rufe miki ƙofa ba. Akwai kuma masu ɗauke da ƙwayar cutar tana barci a jikinsu, ba sa tari, ba sa harbin kowa. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar. Wannan ba ya hana tafiya.

Tunjere da ciwon sanyi ana maganinsu su warke, a wuce. Amma fa a nan ne aure yakan girgiza. Sau da yawa mace tana ɗauke da irin wannan ciwo ba ta sani ba, domin ba ya nuna alama, kuma wata a ɗakin aurenta ta samo shi. Idan sakamako ya fito haka, ina roƙon surukai da dangin miji su riƙe bakinsu. Maganin da zai yi amfani shi ne a yi wa miji da mata tare, har da abokiyar zama in akwai. Ke kuma ki roƙi likita ya faɗa miki sakamakonki ke da kanki, cikin harshen da kike ji. In ba ki jin Turanci sosai, ki nemi tafinta, kuma ki zaɓi wadda kika yarda da amanarta.

Game da ƙanjamau, ƙasa ƙasa ce. Amurka ta hana masu ɗauke da ita shiga tun daga 1987, amma ta soke wannan doka a watan Janairu na 2010, yanzu ba ta cikin awon. Kanada tana aunawa, sai dai samun cutar kaɗai ba ya hana matar da mijinta ya nema. Saudiyya da maƙwabtanta na yankin Gulf kuwa ba sa ba mai ɗauke da ita takardar zama. Gara mutum ya san matsayinsa tun yana gida kafin ya sayar da gona.

IDAN KINA DA JUNA BIYU

Wannan ya shafi amare ƙwarai. Ango ya zo hutu na wata ɗaya ya koma, kafin takarda ta fito ciki ya yi wata huɗu. Tun kafin a kai ki ɗakin hoto ki faɗa wa likita kina da ciki, ko da zato kike yi. Kunyar ɗan fari tana da wurinta, amma ba a nan ba. Ingila ta ba mai ciki zaɓi uku: ko a ɗauki hoton da ƙarin kariya bayan ciki ya wuce wata uku, ko ta ba da kaki ta jira sakamako, ko ta dakata sai ta sauka. Amurka ita ma ta yarda mai ciki ta jinkirta hoton sai bayan haihuwa, ko kuma a ɗauka da yardarta bayan an rufe cikin da mayafin dalma riɓi biyu. Kazalika akwai alluran da ba a yi wa mai ciki, kamar ta ƙyanda da ta ƙarambau, kuma ba za a hana ki biza don an tsallake su ba. Zaɓin naki ne. Kada gaggawar maigida ko kuɗin tikiti su sa ki yi shiru a kan abin da yake cikinki.

MUTUNCINKI A ƊAKIN AWO

Mata da yawa abin da yake damunsu shi ne, shin za a tuɓe su a gaban namiji? Tsoron yana da tushe. A watan Janairu na 1979, wata malamar makaranta 'yar Indiya mai shekara 35 ta sauka a filin jirgin sama na Heathrow a London, ta zo wurin wanda zai aure ta. Ma'aikatan shige da fice suka ce ba su yarda budurwa ce ba, suka sa likita namiji ya duba budurcinta. Jaridar Guardian ta fallasa abin ranar 1 ga Fabrairu, duniya ta yi ca, gwamnatin Ingila ta ce a daina. A 2011 wasu masu bincike biyu daga Ostareliya suka tono takardun gwamnati da suka nuna an yi wa mata aƙalla 80 irin wannan wulaƙanci. Da matar nan ta haɗiye abin don kunya, wa ya san ranar da za a daina?

Yau ba ƙasar da na ambata da take neman awon budurci. Hukumar shige da fice ta Kanada ta rubuta ƙarara cewa duba al'aura ba ya cikin wannan awo, idan kuma likita yana bukatar duba nono sai ya yi miki bayanin dalili, sa'an nan kina da ikon neman wata ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin, kina da ikon tsayar da awon ki yi tambaya. Wajen hoton ƙirji za a ba ki rigar asibiti ki sa, a ce ki cire sarƙa da rigar nono mai ƙarfe, ki tattara gashi ko kitso sama. Ki roƙi likita mace tun ranar da kike neman layi. Idan aka yi miki abin da hankalinki bai kwanta da shi ba, ki kai ƙara ga shugaban wurin da ofishin jakadancin. Kada ki ce ai za su hana ni tafiya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, maganarki za ta tsirar da wadda take bayanki a layi.

RAMIN ƘARYA ƘURARRE NE

Akwai dillalai da za su ce miki ki kawo kuɗi su samo miki takarda ba sai kin je ba, ko su ce a tura ƙanwarki a ɗauki hoton ƙirjinta a madadinki, ko ki sha madara da yawa wai ƙirji ya yi fari. Haba! Madara ciki take tafiya, ina ruwanta da huhu? A wurin awo ana duba fasfo, ana ɗaukar hoton fuska, kuma yawanci ta kwamfuta ake aika sakamako kai tsaye. Wanda aka kama da takardar jabu, Ingila tana iya hana shi shiga har shekara 10, Amurka kuwa har iyakar rayuwarsa. Ki duba fa: tarin fuka wata 6 yake tsayar da ke, ƙarya kuwa tana iya raba ki da mijinki shekara da shekaru. Wanne ya fi sauƙi?

Haka kuma kada a ɓoye yaro. A dokar Kanada, duk 'ya'yan da suke ƙarƙashin mai nema sai an auna su, har waɗanda ba za su bi shi ba. Idan maigida yana da 'ya'ya da wata matar, ko ke kina da ɗa daga auren fari yana wurin kaka, a rubuta shi. Yaron da aka ɓoye yau, ɗaukarsa gobe yakan zama jidali.

Akwai kuma wata tambaya mai nauyi, ta shaye-shaye. Mu daina yaudarar kanmu, maganin tari mai kodin da ƙwayar tiramadol sun shiga ɗakunan mata, har gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. A dokar Amurka, wanda likita ya tabbatar ya kamu da jarabar ƙwaya ba ya wucewa sai ya yi wata 12 cur bai taɓa ba. 'Yata 'yar makaranta, kwalbar da ƙawa take miƙa miki a ɗakin kwana tana iya tsaya miki a hanya ranar da kika ci jarrabawar zuwa karatu waje.

KATIN RIGAKAFI DUKIYA NE

Duk wadda ta je aikin Hajji ta san katin allurar shawara da ta sanƙarau. To, tun daga dokar 1996 Amurka take neman shaidar rigakafi daga mai neman zama, gwargwadon shekarunsa: ƙyanda, hangum, shan inna, mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon hanta, ƙarambau da sauransu. An taɓa sa allurar korona a cikin jerin a 2021, aka cire ta a 2025. Wadda ta zo da katinta, abin da ya rage kawai za a yi mata. Wadda ba ta da shi kuwa, sai a sake, ta biya, yara su sha huda.

Ina tambayarki, uwargida: ina katin rigakafin 'ya'yanki yake yanzu? Kin san inda kika adana sarƙar gwal da rasidin keken ɗinki, amma katin asibiti an bar shi a ƙarƙashin katifa, mai ya zuba, ɓera ya ci gefe. Ki samo leda mai kauri ki sa katin kowane yaro tare da takardar haihuwarsa, ki jefa a ƙasan akwati. Ko ba a je ko'ina ba, zai yi rana. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ta fi kama yaran da ba a kammala musu allura ba. Ku kuma 'yan mata, tun Oktoba 2023 Nijeriya ta fara ba 'yan shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga kansar bakin mahaifa kyauta. Ku karɓa, ku adana shaidar.

INDA BAN YARDA DA SU BA

Na ce yawancin awon yana da hujja, amma akwai inda na ga rashin adalci. Kanada da Ostareliya ba su tsaya ga cuta mai yaɗuwa ba, har lissafi suke yi na kuɗin da jinyar mutum za ta ci wa gwamnati. A Ostareliya, a bizar zama da yawa, idan mutum ɗaya a iyali ya faɗi awon, dukkan iyalin sun faɗi. Watau uba injiniya, uwa nas, ana bukatar aikinsu, amma saboda ɗansu kurma ne ko an haife shi da lalurar ƙwaƙwalwa sai a ce a'a. Yaron nan ba zai harbi kowa da kome ba. Su suna cewa asibitinsu da harajin jama'arsu ake gudanar da shi, kuma wannan magana ce. Amma iyayen nan su ma haraji za su biya, kuma ƙasar da take son hannun uwa ai ya kamata ta karɓi goyonta. Kanada ta sassauta a 2018, ta ninka iyakar kuɗin sau uku, kuma wannan lissafi ba ya hawa kan mata ko miji ko 'ya'yan da ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin ya nema, haka ma 'yan gudun hijira. Wannan ya nuna dokar ba saukakkiya ba ce, mutane suka yi ta, kuma idan aka yi ta magana tana gyaruwa. Idan kina da yaro mai lalura, ki tattara takardun asibitinsa da na makarantarsa, ki nemi shawarar lauya mai rajista tun kafin a cika fom.

MU DA MUKE GIDA FA?

Mai karatu za ta ce, ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, ina ruwana? Da ruwanki. Abin kunya ne a ce mace ta kai shekara 30, ta haifi biyar, ba a taɓa auna ƙirjinta ba sai ranar da wata ƙasa ta ce sai an auna. Su don tsare 'ya'yansu suke yi. Mu namu 'ya'yan fa? Awon tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati a Nijeriya. Duk wanda ya yi tari har mako biyu a gidanki, da rama, da zufar dare, ki kai shi a auna kakinsa, ko da maigida ne, ko 'yar aiki, ko almajirin gida. Ki je awon ciki, ki yarda a ɗebi jininki. Masu shirin aure su yi gwaji na gaskiya, kada a sayo takarda. Rigakafi ya fi magani, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ke kuma mai shirin tafiya, ranar awo ki ɗauki fasfo, da katin rigakafi, da tabarau in kina sawa, da kwalayen magungunan da kike sha, da duk wata tsohuwar takardar asibiti. Ki karya kumallo sai in an ce kada ki ci, ki tafi da wuri, ki faɗi gaskiya, abin da ba ki gane ba ki tambaya har sai kin gane.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kai matafiya masaukinsu, Ya sada amare da angwayensu cikin alheri. Masu tambaya ko ƙarin bayani, fili naku ne, ku rubuto. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.